Yagaggiyar Karta: Nazari a kan Wani Wasan Dabo da Hanyoyin Yinsa

Masu nazarin al'adun Hausa sun daɗe suna ba waƙa da kiɗa da wasan kwaikwayo haƙƙinsu. An rubuta littattafai a kan makaɗan fada, an tattara tatsuniyoyi da karin magana, har wasan kwaikwayon Samariya na zamanin Seini Kunce ya sami mai bin diddiginsa, wato Janet Beik, wadda ta fitar da littafi a kansa a 1987. Amma akwai wani ma'abocin fage da alƙalami bai cika waiwaya ba, alhali kuwa in ya sauke jakarsa a bakin kasuwa yakan tara jama'ar da wani mawaƙin ba zai tara ba. Shi ne ɗan dabo. Ana kallonsa, ana riƙe baki, a jefa masa dala biyar ko goma, a watse. Ba a cika tambayar ko ya iya ko bai iya ba, balle a fitar da ma'aunin da za a auna aikinsa da shi.

Yau tambayar ta zama dole. A garuruwan da ke bakin babbar hanya, daga Gidan Rumji zuwa Caduwa da Agiye da Gazawa, samari na zaune a fada da butar shayi da kwalin kartar bulot, ga kuma salula a hannu tana nuna musu gwanayen dabo na ƙasashen waje. Daga cikin abin da suke gani, wasan yaga karta a mayar da ita yana da saurin shiga rai, domin kayan aikinsa na nan a gabansu bisa tabarma. Ba abin mamaki ba ne a ga ɗalibi ya tunkari malaminsa yana neman a ba shi fili a makon al'adu na makaranta, ko wata ƙungiya ta so sanya dabo cikin shirinta na gidan matasa. Kafin a ce i ko a'a, ya kamata a san mene ne wasan, siga nawa gare shi, wace ce ta dace da fagenmu, kuma ina ne iyakarsa da cuta.

Kalmomi da ma'anoninsu

Hausa ba ta rasa kalmomi a wannan fanni ba. Akwai dabo, akwai siddabaru, akwai rufa-ido. Ta ƙarshen ta fi sauran fayyace al'amarin, don ta nuna inda aikin yake aukuwa: a idon mai kallo. Karta tana nan yadda take, ido ne aka rufe. Sihiri da tsafi kuwa suna ɗauke da da'awar taimakon iskoki ko aljannu, damfara kuma manufarta aljihun mutum. Faransanci yakan haɗa duka cikin kalmar magie, shi ya sa a ƙarni na 19 aka ƙirƙiro prestidigitation, mai nufin zafin yatsu, don a raba mai wasa da boka.

Malaman Musulunci sun riga kowa yin wannan rarrabewa. Fakhruddin Arrazi, wanda ya rasu a farkon ƙarni na 13, ya kasa abin da ake kira sihiri gida-gida a cikin tafsirinsa, ya ware gida guda na masu saurin hannu, waɗanda ke shagaltar da ido da wani abu su aikata wani kafin a farga. Ibnu Khaldun, a Muƙaddima ta 1377, ya kira wannan sashe sha'awaza, ya ce tasirinsa bai wuce tunanin mai kallo ba. A Dimashƙa kuma, a ƙarni na 13, Aljaubari ya rubuta littafi sukutum yana tona dabarun masu cin dukiyar mutane da sunan karama ko alkimiya. Hukuncin halasci ko haramci na malamai ne, kuma da yawansu ba su sake wa abin fuska ba. Abin da mai nazari zai ɗauka daga gare su shi ne sun gane cewa hannu da ido ne ke aiki, kuma haɗarin yana cikin abin da mai wasan ke da'awa.

Tsohon labari cikin sabon kaya

Ɓata abu a gyara shi a gaban jama'a yana cikin tsofaffin jigogin dabo. A wata takardar Masar ta dā da ke ajiye a Barlin, wadda ake kira takardar Westcar, an ba da labarin wani tsoho mai suna Dedi da aka kawo gaban Fir'auna Kufu, mai babbar dalar Giza. Aka ce yana mayar da kan da aka yanke. Sarki ya ce a kawo fursuna a gwada, Dedi ya ƙi, ya ce ba a yi wa ɗan Adam haka. Sai aka kawo dinya, aka sare kanta, ya haɗa, ta tashi tana kuka. Daga baya aka kawo sa. Hikaya ce, an rubuta ta wajen shekara dubu bayan mutuwar sarkin, amma ta nuna abin da zuciya ke nema a irin wannan wasa tun fil'azal: a ga abin da ya lalace ya dawo.

A Turai, littattafan farko da suka bayyana dabarun dabo sun fito a shekara guda, 1584. Ɗaya a Liyon, na wani J. Prévost, ɗaya a Ingila, na Reginald Scot, mai suna The Discoverie of Witchcraft. Scot ya rubuta nasa ne don ya hana kashe tsofaffin mata da ake zargi da maita, ya nuna cewa abubuwan al'ajabi da yawa saurin hannu ne kawai. A ciki ya yi bayanin yadda ake ƙona zare a mayar da shi daga tokarsa, da yadda ake yanke igiya a haɗa. Ita kuwa karta ta shiga Turai a shekarun 1370 ta hannun Mamalik na Masar, kuma wani tsohon kwalinsu yana nan a gidan tarihi na Topkapi a Santambul. Faransawa suka sauƙaƙa zanenta a ƙarshen ƙarni na 15, aka sami alamomi huɗun da ake bugawa yau a Maraɗi. Ta iso mana da tabon caca a jikinta, kuma wannan tabo yana biye da duk wanda ya fito da ita gaban iyaye, ko da wasa ya nufa.

Siga huɗu da darajar kowace

Duk wasan yaga karta labari ne mai gaɓa uku: ga karta an san ta, ga ta an hallaka ta, ga ta ta dawo. Abin da ya bambanta sigoginsa shi ne amsar da kowace ke ba tambayar da ke zuwa wa mai kallo nan take, wato: anya ba karta biyu ba ce?

Siga ta farko ba ta ma amsa tambayar. Mai wasa ya yayyaga karta, ya zuba gutsattsarin cikin ƙyalle ko ambulan, ya hura, ya fito da lafiyayya. Wannan ita ce yara ke fara koya, kuma ita ce mafi rauni. Kowa ya san kwali biyu masu baya iri ɗaya ana samunsu a tebur guda a kasuwa. Ƙyallen da aka rufa ya zama wurin zargi, mai kallo ya tafi gida da amsarsa a hannu, amsar kuma daidai ce. Wasan da ɗan shekara goma zai warware kafin a gama tafi bai cancanci fage ba.

Siga ta biyu ta zo da shaida. Bayan an yayyaga karta, sai a ba wani daga cikin ƴan kallo kunne guda ya riƙe. Sauran gutsattsarin su ɓace, ko a ƙone su, can sai a fasa ƙwai ko a yanka lemo a tarar da kartar a naɗe, lafiya lau, kunne ɗaya kawai ta rasa. A karɓi wanda ke hannun mutumin a gwada, ya zauna daram. Ƙarfin wannan siga daga wata gaskiya yake da kowa ya sani: yaga ba ta maimaita kanta, bakin takarda biyu ba sa haɗuwa sai in tare aka raba su. Malaman Faransanci za su tuna cewa nan ne asalin kalmar symbole, domin Girkawan dā sukan karya abu biyu, kowane aboki ya riƙe rabi, ranar da aka haɗu a gwada a gane juna. Dattawan da suka yi lakkol a zamanin da ake rataya wa yaro symbole don ya yi Hausa a aji sun san kalmar ta wata fuska mai ɗaci. A nan ta koma ma'anarta ta fari. Raunin sigar shi ne ido bai ga lokacin warkewa ba. An nuna ɓacewa da bayyana, aka bar wa hankali ya cike tsakani. Ban da haka, nauyin wasan duka yana rataye ga daƙiƙar da ake miƙa kunnen. In hannu ya yi rawa a nan, ko mai wasa ya nuna damuwa da wane gutsure zai bayar, ginin ya rushe.

Siga ta uku ta fito daga Amurka a ƙarshen shekarun 1970, daga hannun Paul Harris. Karta ɗaya tak ake amfani da ita, ana iya aro ta daga kwalin kowa. A ninke ta, a yi kamar an raba ta huɗu, sai kashi uku su dawo a haɗe, na huɗu ya rage a ware. Dabarar tana cikin ninki da kuma ƙarar yaga, wadda kunne ke ji ya shaida wa ido abin da bai gani sosai ba. Wannan siga ta kashe zargin karta biyu tun daga tushe, tunda babu ta biyun, kuma ba ta bukatar shiri. Wasu na ganin rashin cikarta aibi ne. Amma a ƙaramin zama, inda mutum shida ko bakwai ke kewaye da tabarma, gutsuren da ya rage yakan zama abin muhawara, a yi ta juya shi ana gwadawa, kuma wannan muhawarar rabin daɗin dabo ce.

Siga ta huɗu ita ce wadda salula ta fi yaɗawa. Wani Bature ɗan Ingila, Guy Hollingworth, wanda daga baya ya zama lauya, ya nuna ta a talabijin ɗin Amurka a 1996 da sunan Reformation, ya kuma bayyana ta a littafinsa Drawing Room Deceptions na 1999. Mutum ya sa hannu a karta, a raba ta huɗu, sa'annan a riƙa haɗa gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya a fili, ba ƙyalle ba ambulan, har ta cika a miƙa wa mai ita. Ta fuskar kyau babu wadda ta kamo ta, domin ita kaɗai ta ba ido abin da yake kwaɗayi, wato ya ga rauni yana rufewa. Sai dai tsadarta ta yi yawa. Tana cin watanni na horo, tana son ƴan kallo su kasance a gaba kawai, kuma haɗi uku a jere dama uku ce ga mai lura. Wani masanin dabo, Rick Johnsson, ya kawo wata mahanga a 1970 da har yau ake gardama a kanta: wasan da ya cika kamala yakan tona kansa, don in an toshe wa hankali dukkan ƙofofi sai ya nufi guda ɗayan da ta rage, sau da yawa kuma ita ce ta gaskiya. Abin da ke ceton sigar Hollingworth shi ne layin ninkin da ke zama a jikin kartar bayan ta haɗu. Wannan tabo yana sa zuciya ta yarda cewa ita ce ta sha wuya ta warke. Da za ta fito sumul kamar daga kanti, da zargi ya dawo.

Zaɓi: fage da karta da jama'a

Kuskuren da ya fi yawa ga mai koyo shi ne ya zaɓi sigar da ta fi burge shi a bidiyo. Na'urar ɗaukar hoto ido ɗaya gare ta, kuma tana tsayawa inda aka ajiye ta. Fagen Bahaushe kuwa da'ira ne. Haka ake kallon kokowa da dambe, haka ake kallon ƴan tauri da gardawa: manya a gaba, samari a gefe, yara a baya da kan katanga da bisa reshen bedi. Siga ta huɗu ba ta rayuwa cikin da'ira, don yaron da ke bayan mai wasa zai ga abin da ke tafin hannunsa, kuma ba zai yi shiru ba. Ɗan dabon kasuwa ya san wannan tun kafin a haifi salula, shi ya sa yake zana iyaka a ƙasa, yake sanya babbar riga, yake zaɓar wasannin da za a iya kallo ta ko'ina. Wanda zai yi wasa a tsakar makaranta a Gazawa, siga ta biyu ce tasa.

Sai girman abin. Tsawon karta bai kai santimita 9 ba, faɗinta wajen 6. A farfajiyar gidan matasa, inda ɗaruruwan mutane ke zaune da dare ƙarƙashin ƙwai biyu na lantarki, wanda ke layi na biyar ba zai bambanta lafiyayyar karta da yagaggiya ba. A irin wannan wuri jigon ya kamata a riƙe, a sauya kayan. Gene Anderson ya tsara yaga jarida a mayar da ita cikin ƙiftawar ido, Doug Henning ya shahara da ita a Amurka a shekarun 1970, kuma ana ganinta daga nesa. Masu dabon Indiya sun daɗe suna yanke rawani su haɗa. Igiyar guga ma ta isa, ga shi kowa ya san ta, ba ta kuma ɗauke da tabon caca.

Ita kanta kartar tana da magana. Ta roba ba ta yaguwa. Ta takarda mai kyau falle-falle ce manne da juna, tana yagewa da ƙara mai daɗin ji. Mai araha kuwa takan saɓule ta bar gashi a baki. Kartar fada, wadda ta sha gumi da ɗigon shayi, kowace ƙwaya da kamanninta, kuma masu bugawa sun san ta kamar yadda makiyayi ya san awakinsa. Wanda ya shigo da sabuwar takwara cikin irin wannan kwali ya tona kansa. Akwai kuma wani abu da marubutan Turai ba sa lissafawa, don a wurinsu karta ba ta da wata daraja. Bulot da ƙwaya 32 ake yinsa. In ɗaya ta lalace kwalin duka ya tashi aiki, ga shi sau da yawa karo-karo aka yi aka saye shi. Saboda haka idan aka yaga karta a fadar Agiye, fuskar mai kwalin takan sauya da gaske, kuma murnar dawowarta ta gaske ce. Wannan riba ce ga mai wasa, amma tana tafe da sharaɗi: ya zo da sabon kwali a aljihu ya biya abin da ya ɓata.

Batun sa hannu ma yana son gyara. Ba kowane ɗan kallo ne ya saba da sa hannu irin na boko ba, kuma kiran dattijo gaban jama'a a miƙa masa biro yana iya zama tozarci. A bar shi ya rubuta sunansa da ajami, ko ya zana shaidar da yake yi wa dabbobinsa, ko a ce yaro ya zana abin da ya ga dama. Alamar da mutum ya zaɓa da kansa ta fi kowace ƙarfi wajen shaida.

Aikatawa: baki kafin hannu

Babban abin da masu koyo daga bidiyo suka rasa shi ne magana. Suna tsayawa shiru, kai a sunkuye, ido a kan yatsu, waƙar salula na tashi a gefe. Ta haka suna nuna wa jama'a daidai wurin da bai kamata a kalla ba. Binciken da Gustav Kuhn da Michael Land suka buga a 2006 ya tabbatar da abin da ƴan dabo suka sani a aikace. An nuna wa mutane mai wasa yana jefa ƙwallo sama sau biyu, a na uku ya riƙe ta a hannu amma ya bi ta da ido kamar ta tashi. Wajen biyu bisa uku na masu kallo suka ce sun ga ƙwallon ta tashi ta ɓace. Da ya kalli hannunsa maimakon sama, adadin ya ragu ƙwarai. Ido yana bin ido, kuma yana bin murya.

A nan ɗan dabon gargajiya malami ne. Yana da kirari, yana da mai ganga, yana da yaron da yake zolaya, yana jan tsoho da raha ya tsokani budurwa, duk kafin ya buɗe jaka. Lokacin da hannunsa zai yi aikin asiri, jama'a na cikin dariyar wata magana. Hausa ta ba mai wasa makamin da babu a bidiyon waje, wato barkwancin taubasantaka, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin gadon ɗan Adam da sunan Nijar a 2014. Bagobirin da ya kira Bazabarme ya riƙe masa kunnen karta, ya ce a sa masa ido kada ya gudu da shi, ya riga ya sami dariya, ya sami amincin fage, ya kuma sami daƙiƙar da yake bukata. Sharaɗi dai kada wanda aka kira ya koma wurinsa da kunya. Wasan da ya mayar da ɗan kallo wawa ya ci riba yau ya rasa fage gobe.

Sai lokaci. Tunda aka yaga karta kowa ya san za ta dawo, kamar yadda duk yaron da ya ji an ambaci Gizo ya san za a yi wayo. Daɗin yana cikin jira. Mai gaggawa yakan haɗa kartar tun jama'a ba su gama yarda ta mutu ba, sai abin ya wuce kamar walƙiya, ba wanda ya ji komai. Gwani yakan bar gutsattsarin su zauna a fili, a ƙirga su, mai kwali ya yi ƙorafi, a yi kamar an manta yadda ake gyarawa. Kuma in an gama an gama. Roƙon a sake, wanda ba ya taɓa rasuwa, tarko ne, domin a karo na biyu ba labari ake bi ba, hannu ake tsaro.

Inda dabo ke rabuwa da cuta

A 1856 gwamnatin Faransa ta aika Jean-Eugène Robert-Houdin, mai gyaran agogo ɗan garin Blois wanda ya zama uban dabon zamani, zuwa Aljeriya. Manufar ita ce a rage kwarjinin shehunan da ke jan jama'a ga tawaye, a nuna cewa abin al'ajabin Faransa ya fi nasu. A birnin Aljas, gaban shugabannin ƙabilu, ya kira wani ƙaƙƙarfa ya ɗaga ƙaramin akwati, sa'annan ya ce ya zare masa ƙarfi. Mutumin ya yi ta fama ya kasa, don akwai maganaɗisun lantarki ƙarƙashin daɓen. Shi da kansa ya rubuta cewa daga baya an sa tafinta ya bayyana cewa gwaninta ce kawai, kuma shi ne mai ra'ayin nan cewa ɗan dabo ɗan wasan kwaikwayo ne da ke taka rawar boka. Duk da haka, wasan da aka shirya don a tsorata mutane a mallake su ya riga ya fita daga nishaɗi. Graham Jones ya bi wannan tarihi a littafinsa Magic's Reason na 2017, ya nuna yadda aka yi amfani da shi wajen zana Bature a matsayin mai hankali, ɗan Afirka kuma mai saurin ruɗuwa.

Darasin bai tsaya ga ƴan mulkin mallaka ba. A Najeriya, Farfesa Peller, wanda aka kashe a Ibadan a 1997, makarantar dabo ya yi a Indiya, amma har yau ana ba da labarinsa kamar na mai iskoki. A kasuwanninmu kuma, sau da yawa dabo share fage ne: in an gama nuna abin mamaki sai a buɗe jakar layu da ƙulle-ƙullen magani, wasan ya zama hujjar ingancin haja. Da kaka, lokacin da manomin Agiye ko Caduwa ya sayar da aya da gyaɗa kuɗi suka shiga aljihu, mai karta uku yakan shimfiɗa kwalinsa, ƴan korensa na ci a gaban mutane don baƙo ya shiga ya bar kuɗin buhu. Saurin hannun nan ɗaya ne da na mai yaga karta. Saboda wannan ne bai kamata a yi wasan da takardar kuɗi a makaranta ba, ko da yake ita ce za ta fi tayar da fage. Kowa ya san baƙin cikin yagaggiyar jikka da aka liƙe da salatif mai tebur ya ƙi karɓa. Amma yaron da ya ga an warkar da jikka da hurin baki ya yi rabin tafiya zuwa ga yarda da mai cewa zai ninka ta.

Maganin yana cikin adabinmu. Tatsuniya ƙarya ce daga farko har ƙarshe, ba a kuwa taɓa kiran kaka maƙaryaciya ba, domin tana buɗewa da ga ta nan ga ta nanku, yara su ba da izini, ta kuma rufe da ƙurunƙus kan kusu. Tsakanin waɗannan ƙofofi biyu kura na magana, kowa kuma ya san inda yake. Dabon kirki yana bukatar ƙofofinsa. Mai wasa ya faɗa tun farko cewa zai rufe ido ne da dabarar da ya koya, ya sake faɗa a ƙarshe, kada ya ambaci aljani ko laƙani, kada ya sayar da komai bayan tafi. Wannan bai wajabta masa tona yadda ya yi ba, kuma ba ya rage mamaki. Sau da yawa ma ƙara shi yake yi, don mutum ya fi jinjina wa abin da ya san hannu ne ya yi shi amma ya kasa kamawa.

Kammalawa

Idan aka auna da ma'aunin fage, siga ta farko a bar wa masu koyo a ɗaka, ta biyu ita ce ta taro, ta uku ta ƙaramin zama, ta huɗu kuma ta wanda ya yi haƙurin horo ya kuma sami wurin da jama'a ke gabansa kaɗai. Malamin da ɗalibi ya nemi izininsa yana da tambayoyin da zai yi kafin ya amince: a ina jama'a za su zauna, me yaron zai faɗa yayin da hannunsa ke aiki, kartar wa za a yaga, kuma da wace kalma zai buɗe ya rufe. Washegari a aji ana iya mayar da abin darasi, a tambayi yara me suka gani da idonsu, me kuma suka ɗauka sun gani, a rubuta amsoshin a allo gida biyu. Karin magana ta ce gani ya kori ji. Yaron da ya yi wannan darasi zai san cewa shi ma ganin yana son a bincike shi, kuma zai tuna da hakan ranar da ya tsaya gaban mai karta uku da kuɗin aya a aljihu. Ƙungiyoyin al'adu kuma suna da aiki na gaggawa, wato su nemi tsofaffin ƴan dabon da suka rage a gundumomin Agiye da Gazawa da Gidan Rumji, su ɗauki kirarinsu da salon maganarsu da yadda suke sarrafa da'ira, tun ba su tafi da shi ba.